Jinin Usmanu Mai Ginar Rijiya

Ƴan sitaj, ɗaliban da ake turo wa labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, daga lakwal don koyon aiki, kowace shekara da irin maganarsu. A cikin na bana wata ta ce mini, idonta na kan salula, "Tanti, ai aikin nan ba shi da wuya. A sa jini cikin injin otomat, ya fiddo takarda, a miƙa wa mai ita." Sauran suka yi dariya. Ban ga laifinta ba, abin da ta tarar ke nan. Ni na riga na yi ritaya, leƙowa kawai nake yi in ƙafa ta biyo da ni ta wajen asibiti, ba ni da hurumin yi wa kowa faɗa. Amma tunda kun ce in ba ku labari, ku jawo bencin nan.

Sunana Ramatu. A nan Tawa aka haife ni, a nan na yi aikina tun daga farko har ƙarshe. Abin da aka fara ba ni shi ne wankin lam, ƴan gilasan nan sirara da ake shafa jini a kai. Ku yau sabon kwali kuke buɗewa, ku yi aiki da lam sau ɗaya ku jefar. Mu wankewa muke yi. A jiƙa su cikin ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, a wanke da sabuni, a ɗauraye, a tsoma cikin alkwal, barasar asibiti, sannan a goge ɗaya bayan ɗaya da tsohon farin ƙyalle wanda ya sha wanki har ya daina zubar da zare. Shugaban labonmu, majo kamar yadda ake cewa, wani dattijo ne ɗan Damagaram, Majo Ari. Yakan ɗaga lam wajen taga ya duba. In ya ga ko alamar yatsa sai ya mayar da shi cikin bokiti. Maiƙo kaɗan ya isa ya hana jini shimfiɗuwa, ya fito huji-huji kamar rariya. Na daɗe ina wanki kafin ya bar ni in taɓa yatsar mutum.

Shafa jini a lam kuwa aikin hannu ne, ba a koyon sa da baki. Ɗigo ɗaya, bai fi ƙwayar hatsi ba. A ɗora bakin wani lam a gabansa, a ja baya har jinin ya bi bakin, sannan a tura gaba sau ɗaya, ba tsayawa, ba rawar hannu. In ya yi kyau ƙarshensa sai ya yi siriri kamar harshen kyanwa. Daga nan a tsare shi da ƙuda, don ƙuda ɗaya zai lashe miki aikin safiya kina waiwaye. In ya bushe sai rini, wani ruwa shuɗi da ake ce wa jimsa. Ruwan famfonmu ba kullum yake shiri da jimsa ba, wata rana komai ya fito shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Saboda haka Majo yakan tari ruwan sama da damina, ba na farkon zuba ba, ya tace shi, ya adana cikin manyan kwalabe ya kulle. Ko ƙishirwa na neman kashe ka ba ka isa ka taɓa kwalaben nan ba.

Madubinmu na duba jini baƙi ne, mai ido ɗaya, da ɗan faifan madubi a ƙasa mai kamo hasken rana. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke babu ruwanmu, sai mu ja tebur kusa da taga. Ido ɗaya a ciki, ɗayan a buɗe. Wanda ya runtse ɗayan, kafin azahar kansa zai sara. Fararen ƙwayoyin jini iri biyar ne, kuma da wake muke ƙirga su. Wake ɗari cikin ƙoƙo, gwangwanin tumatir biyar a jere, kowane iri da nasa. Ka ga ƙwaya, ka gane ta, ka jefa wake inda ya dace, idonka bai bar madubi ba. In ƙoƙo ya ƙare sai a zazzage gwangwanayen a ga rabon kowa. Daga baya aka kawo mana ƴar na'ura mai maɓallai da ke buga ƙararrawa in an cika ɗari. Majo bai taɓa yarda da ita ba.

A cikin biyar ɗin nan akwai wadda na fi so tun ranar da na fara ganin ta. Sunanta eyozinofil, mu a labo eyozino muke cewa. Cikinta cike yake da ƴan tsaba masu launin ruwan goro, tsakiyarta kuma rabe biyu kamar tabarau. Majo yakan kira su ƴan goro. A jinin mai lafiya kaɗan ne, gwangwaninsu da wuya ya samu fiye da ƴan wake biyu ko uku. In sun yi yawa, abin da ya koya mini shi ne, "Ramatu, nemi tsutsa. In ba ki gani ba, sake nema." A ƙasarmu gaskiya gare shi. Mai wanka a tabki, mai noman fadama, mai tafiya ba takalmi, in ka bincika tsutsar ciki ce ko tsargiya. A ba shi magani, in ya dawo sun ragu.

Mutanen da ke tsayawa a tagarmu ma sai an koye su. Akwai makiyayin da ya ce ba zai ba da jininsa ba sai na faɗa masa inda zan kai shi. Na nuna masa bokitin jabel, ya ce to in an gama a zuba a gabansa, ya kuwa tsaya har aka zuba. Akwai tsohuwa daga Kalfu da aka ce ta kawo bayan gida kaɗan cikin ƴar roba, ta zo da ƙwarya guda an rufe da faifai. Akwai masu kawo fitsarin ɗan rakiya don nasu ya ƙi fita. Ba a dariya a gabansu. A karɓa da hannu biyu a ce sannu da hanya, don wanda kika kunyata yau ba zai sake dawowa ba ko ciwo zai kashe shi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta sanƙarau, wadda ta biyo bayan wata damina da ba ta yi ba. Lokacin na riga na je na yi karatun diplom na dawo. Marasa lafiya suka cika ɗakuna har aka riƙa shimfiɗa su ƙarƙashin itatuwan bedi, ledar ƙarin ruwa a rataye a reshe. Ruwan da ake ɗebowa daga ƙashin bayan yara, wanda ya kamata ya zo garau, sai ya riƙa zuwa kamar ruwan wankin shinkafa. Tun kafin mu sa shi a madubi mun san abin da za mu gani. Rini ya kusa ƙarewa, Majo ya riƙa tsinka shi har iyakar inda zai iya nuna ƙwayar cuta. Na koma wankin lam kamar sabuwar shiga, don babu wanda zai yi. A shekarar ne idon Majo ya gaji. Bayan abin ya lafa, wata safiya ya ce in leƙa wani lam in faɗa masa abin da ke ciki. Na faɗa. Ya ce shi tun makon jiya gizo-gizo kawai yake gani. Kafin ruwa ya sauka ya koma Damagaram, ya bar mini kujerarsa da makullin kwalabe. Ban sake ganin sa ba.

Otomat ya zo ina da furfura. Ban ƙi shi ba, ya rage mana wahala ƙwarai. Sai dai irin wanda aka fara kawo mana gida uku kawai yake raba fararen ƙwayoyi: manya, ƙanana, da na tsakiya. Eyozino cikin tarin tsakiya yake jefa su tare da wasu. In tarin nan ya kumbura ba zai ce maka su wane ne ba, dole mutum ya shafa lam ya duba da idonsa. Ta haka na san Malam Usmanu.

Mutumin Barmu ne, ginar rijiya ce sana'arsa, ta gado. Gajere ne mai faɗin ƙirji, shekarunmu za su zo ɗaya. Yakan zo cin kasuwar Lahadi, ya kwana wajen ƙanensa, Litinin da safe ya bayyana a tagarmu. Ranar farko na soki kan yatsarsa allura ta ƙi shiga, fatar kamar ƙirgi, sai da na koma gefen yatsa.

"Madam, dutsin Adar ma bai huda hannun nan ba," in ji shi, yana dariya.

"Me ke damun ka, Malam?"

"Ƙaiƙayi. Tun kaka. Ba ƙurji, ba komi a waje. Ciki-ciki shike, kamar tururuwa na tahiya ƙarƙashin hwata."

Da na ɗora lam ɗinsa, duk inda na juya ƴan goro ne. Kusan ɗaya cikin uku. Mutumin da ke wuni tsaye cikin laka da ruwa, ban ma yi dogon tunani ba, na ce tsargiya ce. Na sa ya kawo fitsarin tsakar rana, na juya shi a inji, na nemi ƙwan nan mai ƙaya a gindi. Babu. Bayan gida, a ranaku daban-daban, na duba har wuyana ya ƙage. Babu. Likitar da ke ganin sa, Likita Balkisa, ƴar Maraɗi ce, ba ta daɗe da zuwa Tawa ba. Ta lallaba shi ko'ina ba ta ji komai ba. Ta ce ƙwai kan ɓuya, ta ba shi maganin tsutsa da na tsargiya duk da haka, ta ce ya dawo.

Ya dawo, ƴan goro sun ƙaru. Ta tambaye shi ko yana da asma, ya ce bai san ta ba. Ta tambaye shi abin da yake sha, ya ce wasu saiwoyi da ake jiƙa masa. Ta ce ya daina, ya daina, babu abin da ya sake. Muka yanki ɗan fata muka nemi irin tsutsar da ke shiga fata. Babu. Haka muka yi ta yi da shi, sanyi ya wuce, bazara ta wuce, aka yi shuka. Ya saba da mu har yakan zo mana da cuku a naɗe cikin takarda. In layi ya ragu sai ya jingina da taga muna hira.

Wata rana ya ce, "Madam, wai mi kike gani cikin abin nan? Kullum ki leƙa ki ɓata rai."

Ba a shigo da mara lafiya cikin labo, amma ranar babu kowa. Na zaunar da shi a kujerata, na nuna masa yadda zai buɗe ido biyu, don lokacin mun samu madubi mai ido biyu. Ya daɗe bai ga komai ba, yana ta motsa kai. Can sai ya daina motsi.

"Waɗanga masu jan ciki, su na?"

"Su ne."

"To ai kyawawa ne."

"Kyawawa ne. Yawansu ne ba mu so."

Ya ɗago yana murza ido. "Ashe ke ma leƙen rijiya kike yi," ya ce. "Ku dai taku ba a shiga."

A zuwansa na bayan girbi na lura kambun da ke damtsensa ya zamo har gwiwar hannu, ya ƙara masa ƙulli. Na tambaye shi abinci, ya ce ba ya masa daɗi. Ya ce kuma yakan farka tabarma ta jiƙe sharkaf da zufa ko da ana sanyi. Na rubuta sakamako na kai wa Likita Balkisa da kaina, na faɗa mata abin da ya ce. Ta biyo ni labo, ta zauna ta duba lam ɗin da idonta, ta daɗe.

"Tanti Ramatu," ta ce, "eyozino ba su taruwa haka nan. Kira suke amsawa. Mun nemi tsutsa har mun gaji, ba ita ke kiran su ba. Sai mu nemi mai kiran."

Ta sa ya tuɓe riga, ta sake bin sa da hannu tun daga bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, hammata. A ramin da ke bisa ƙashin wuya, ta hagu, yatsunta suka tsaya. Ta kama hannuna ta ɗora. Kaluluwa ce, girman ƙwallon dabino, mai tauri kamar roba. Kaluluwar da muka saba da ita tana da zafi, tana bin miki ko ƙurji. Wannan ko an danna ba ya ji.

"Tun yaushe wannan ta fito?"

"Ban kula ba, Likita. Abin da bai yi ciwo ba, wa ka kula da shi?"

Da farko tarin fuka muka zata, don shi ma yana kumbura wuya, yana sa zufa da rama. Na rina kakinsa na duba, babu. Hoton ƙirji ya nuna wata inuwa a tsakiya, inda bai kamata ba. Likita ta ce sai an ciro kaluluwar an duba naman. Likitan fiɗa ya ciro ta, aka kawo mini. Irin wannan dubawa ba mu yin ta a Tawa, sai Yamai. Ni na haɗa kwalbar. Ruwan formol mai yajin ido, mai hana nama ruɓewa, a tabbata ya rufe naman ya yi masa yawa, a toshe baki, a naɗe da salatif, a rubuta suna a jikin kwalba ba a murfi ba, don murfi kan musanya. Na sa ta cikin kwali da auduga na ba wani infirme, ma'aikacin jinya, da zai tafi Yamai, na ce ya riƙe ta a cinya kada ya sa a bayan mota.

Likita ta ce wa Malam Usmanu ya zauna kusa har sakamako ya fito. Ya ce akwai aikin da ya ɗauka can arewa, gaba da Abalak, wajen wasu Buzaye.

"Sun daɗe suna jira na. Dabbobinsu wuni guda suke tahiya kahin su sha. In na zamna gida ina susa, mi na yi?"

Ya bar lambar ƙanensa ya tafi.

Sakamako ya yi makonni kafin ya zo. Da ya zo Likita Balkisa ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Lanfom, ta ce, sankarar kaluluwa. Ƙwayoyin ciwon su ne ke fitar da wani abu cikin jini mai sa ɓargo ya yi ta ƙera eyozino, shi ya sa muka gan su tun ciwon bai nuna kansa a waje ba. Ta ce irin wadda ake yi wa magani ce, mutane na tashi, amma ba ta son jira. Muka kira lambar ƙanen, aka ce ya tafi ci-rani Abijan. Inda Malam Usmanu yake kuwa babu rezo, waya ba ta shiga.

Ranar da ba ni da aiki na shiga motar ƴan kasuwa na tafi Barmu. Gidan mai ginar rijiya ba ya wuyar nema. Na tarar da matarsa Dije tana sussuka a tsakar gida. Ta gane ni da farar jakar asibiti, ta ajiye taɓarya, ba ta ma shimfiɗa mini tabarma ba tukuna.

"Lahiya, Madam?"

"Lafiya. Likita ce ke neman Malam, da gaggawa."

"An gane ciwon?"

"An gane shi. Akwai magani a Yamai. Amma a yi sauri."

Ta kawo mini fura, ta yafa mayafi ta fita. Kafin in gama sha ta dawo, ta ce akwai babbar mota da za ta kai wa su Malam siminti can arewa, ta ba direban saƙo. Amsar da ta dawo bayan kwanaki ita ce in ya ga ruwa zai taho. Muka sake aikawa. Amsar ba ta sake ba.

Sai da zafi ya kai ƙarshensa ya zo, yana dogara sanda, wuyan ya kumbura ta gefe biyu. Likita ta yi masa bayani a gaban Dije, ba ta ɓoye masa komai ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, mun cim ma ruwa. Yanzu ni naku ne." Washegari suka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai.

Maganin, shimiyo, zagaye-zagaye ake yin sa, a ƙara wa mutum ta jijiya ya huta, ya sake komawa. Tsakanin zagaye yakan dawo gida, kuma kafin ya koma sai an duba jininsa, don maganin yana kashe fararen ƙwayoyi masu kyau tare da munana. In sun yi ƙasa da yawa ba a ƙara masa. Nan aikina ya juya. Da yawa nake tsoro, yanzu ƙaranci. Sai in yi ta yawo a kan lam, fili bayan fili, jajayen ƙwayoyi kawai, kafin in tsinci fara guda. Ƙirgan da nake gamawa kafin shayi ya huce ya koma na rabin safiya. Gashin kansa ya zube, gemu ya zube, ya riƙa naɗa rawani har hanci kamar mutanen da ya gina wa rijiya. Sau ɗaya jinin ya yi ƙasa ƙwarai, zazzaɓi ya kama shi, muka kwantar da shi a nan, Dije na kwana a ƙasa gefen gadonsa. Ya tashi. Ƴan goro kuwa suka yi ta raguwa, har ranar da na ƙirga ɗari na samu guda biyu kacal. Na sake ƙirgawa a wani gefen lam don in tabbata.

"Madam," ya ce daga taga, tun ban yi magana ba, "tururuwan sun ƙaura. Jiya na yi kwana har rana ta hito."

Likitocin Yamai suka ce ciwon ya kwanta, ya riƙa zuwa ana duba shi. Jiki ya dawo, gemu ya fito fari fat. Abin da bai dawo ba shi ne numfashin shiga rijiya. Ya gwada sau ɗaya, bai yi nisa ba ya ja igiya aka fiddo shi. Daga nan sai ya koma tsayawa a baki yana ba samari umarni. In ya zo dubawa yakan yi mini ƙorafinsu, ya ce sauri suke yi, ba su sauraren ƙasa. Ya ce can ƙasa akwai sanyi ko da duniya na ƙuna, in ka ɗaga kai sama ba ta fi bakin ƙoƙo ba, muryar masu jan igiya kuma sai ta iso maka kamar daga wani gari. Ya ce kafin a kai ga ruwa ƙasa kan sake wari, dagi ya sake ƙara, mai gina shi kaɗai ya san haka, na sama sai sun ga laka a guga. In ya kai nan sai ya miƙo hannu in ɗebi jini.

Damina biyu muka samu haka. A zuwansa na bayan babbar salla otomat ya fiddo takarda, tarin tsakiya ya kumbura. Na shafa lam, na rina, na jira ya bushe. Ƴan goro sun dawo. Ƙa'idar aikinmu, mai labo ba ya faɗa wa mara lafiya sakamako, na likita ne. Na ninke takardar na fito.

"Sun komo ko?" ya ce.

"Likita za ta yi maka bayani, Malam."

"Na ji su tun watan azumi. Ban dai gaya ma Dije ba."

Na kira Dije daga inda take jiran sa a waje, na raka su ofis. Likita Balkisa ta lallaba shi, ta sami wata kaluluwar a hammata. Ta ce akwai wani maganin, ya fi na farko ƙarfi, ya koma Yamai cikin makon nan. Ya yi mata godiya sosai. Sannan ya ce zai je, amma sai ya fara zuwa arewa.

"Malam Usmanu, wancan karon jira ne ya wahalar da mu," ta ce. "Me za ka yi a arewa? Ba ka iya shiga rijiya."

"Ba shiga zan yi ba, Likita. Rijiyar Buzayen nan ita ce ta ƙarshe da na gina da hannuna, kuma ita ta hi duka zurhi. Ranar da munka cim ma ruwa laka ce tukuna, ban sha ba na hau mota na taho gare ku. Can wajen, sai ka gina ka gina, ruwa ya hito da zartsi, ko raƙumi ya ƙi shi. Sun aiko sun ce mai kyau ne. To amma mutanen kirki ne, ko da zartsi haka za su ce mini. So nike in sha da bakina."

Likita ta dubi Dije. Dije ta dubi ƙasa. Likita ta sake roƙon sa, ta faɗa masa abin da jinkiri zai iya jawowa, ba ta sassauta ba. Ya ce ya ji, in ya komo. Ta rubuta masa maganin ƙaiƙayi da na zafi, ta ba shi takardar Yamai ya sa a aljihu. Da za su fita ya tsaya a tagar labo ya ce mini sai ya dawo, in gaida yara.

Wata Litinin, lokacin ana cikin sanyi, ina karɓar kwalabe a taga sai na ga Dije a layi, ba takarda a hannunta. Ta bi layin har ya zo kanta. Na bar wa abokin aikina taga na fito, muka zauna ƙarƙashin bedi. Ta ce tare suka tafi. Sun isa lafiya, mutanen sun yanka masa akuya, sun kafa masa tanti kusa da rijiyar. Ya yi niyyar kwana kaɗan, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, motar da ke zuwa wajen kuma ba kullum ba ce. Can ya cika, can aka rufe shi. Ta gama takaba ne ta zo.

Na yi mata gaisuwa. Sannan ta ce, "Ya bar saƙo. Ya ce in gaya ma Likita ta yi haƙuri, ba raina maganarta ya yi ba. Ke kuma ya ce in gaya miki ruwan garau shike, ba zartsi ko kaɗan. Ya sha har ya ƙoshi."

Na kai ta wajen Likita Balkisa ta faɗa mata da bakinta, sannan na raka ta har tasha. Da na yi ritaya na tambayi direbobin da ke bin hanyar, sun san rijiyar, sun ce har yanzu ana layi a kanta tun da safe. Sun ce kuma hanyar ba ta biyuwa yanzu kamar da, mace mai shekaruna ta haƙura. Kowace shekara in sanyi ya shigo nakan sake tambaya.